Ruwa Da Iska, Masassaƙan Duwatsu

Hausawa sukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa. Idan masu irin wannan haƙuri ake nema a duniya, to, ba a wuce ruwa da iska. Ba su da gizago, ba su da guduma, amma su ne suka sassaƙa manyan duwatsun bakin teku. Sun huda wasu kamar ƙofar gari, sun tsai da wasu kamar hasumiya, sun shimfiɗe wasu kamar tabarma. Nufina a nan shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda wannan aiki yake gudana.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kurawa ko Isa ko Sabon Birni da teku, alhali tsakaninmu da shi ya fi kilomita 800? Dalili biyu ne. Na farko, ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kuma shaidar tana nan a binne. Na biyu, hannun da ke cin dutse a can shi ne yake cin gaɓar gulbi da gonakinmu a nan, kuma cin da yake yi mana ya fi sauri, domin ƙasa ba ta kai dutse tauri ba.

Inda raƙuman ruwa suke samun ƙarfi

Iska ce uwar raƙuman ruwa, waɗanda wasu suke kira igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa hura kunu mai zafi a ludayi ya ga yadda samansa yake yin 'yan kunyoyi, suna gudu zuwa ɗaya gefen. Haka iska take yi wa teku, sai dai shi wannan ludayi faɗinsa dubban kilomita ne. Gwargwadon ƙarfin iskar, da daɗewar da ta yi tana busawa, da nisan ruwan da ta ratso, gwargwadon girman raƙumin da zai iso gaɓa.

Ruwa kuwa yana da nauyi, duk yarinyar da ta ɗauko tulu daga rijiya ta san haka. Ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne yana cin lita 1,000, wato jarka 50 masu cin lita 20, nauyin wannan ruwa kuwa tan guda ne. Babban raƙumi yakan kwaso tan masu yawa ya maka wa dutse, ya ja da baya, wani ya biyo. Idan muka ce kowane daƙiƙa 10 raƙumi ɗaya yake zuwa, to, a kwana guda dutsen ya sha duka sau 8,640 ke nan. Ba hutun dare, ba hutun rani.

Hanya huɗu teku yake bi wajen cin dutse. Ta farko ita ce duka. Idan ruwa ya bugi dutse, yakan danne iskar da ke cikin tsagoginsa da ƙarfi, in ya janye sai iskar ta kumburo ta fito. Yau da gobe sai tsagar ta buɗe, kamar yadda mai faskare yake buɗa icce da 'yar ɓaraka.

Ta biyu ita ce gurza. Raƙumin ruwa ba ya zuwa hannu rabbana, yakan zo da yashi da tsakuwa da ɓaraguzan dutse, ya yi ta jifan gindin tsauni da su. Wannan shi ne magagarin teku. Su kansu tsakuwoyin suna gogar juna har kaifinsu ya tafi, shi ya sa dutsen da aka tsinta a cikin gulbi yake da sulɓi kamar ƙwai.

Ta uku ita ce narkarwa. Ruwan sama yana da ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Wannan tsami yana narkar da dutsen farar ƙasa kamar yadda ruwa yake narkar da kanwa, sai dai abin da kanwa take yi a yini, dutse sai ya shekara ɗaruruwa.

Ta huɗu ita ce aikin gishiri. Feshin ruwan teku yakan shiga ƙananan ƙofofin dutse, rana ta busar da ruwan, gishirin ya daskare ya yi ƙwaya. Ƙwayar tana girma tana tura jikin dutsen, har ya riƙa marmashewa. Wanda ya ga gindin katangar da aka gina a kan ƙasa mai kanwa ya ga irin wannan ciwo.

Daga tsaga zuwa kututture

Bakin teku ba dutse iri ɗaya ba ne. Inda yake da taushi ruwa yakan ci shi da wuri, ya yi lungu ya shige cikin ƙasa. Inda yake da tauri sai ya rage a miƙe cikin ruwa kamar hanci. Amma taurin nan ba ya cetonsa, domin raƙuman ruwa in sun iso wuri marar zurfi sukan lanƙwaso, su taru a kan hancin daga dama da hagu.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Haka ruwa yake neman tsaga a jikin hancin, ya yi ta ƙwaƙularta har ta zama kogo. Kogon ya yi ta zurfi har ya ɓulle ta ɗaya gefen, ko kuwa ya haɗu da wani kogon da ya taho daga can. Daga nan an sami ƙofa mai kama da bakan gizon da magina suke ɗaurawa a soro. Ƙofar tana ƙara faɗi, rufinta yana ƙara sirancewa, har ranar da zai kasa ɗaukar nauyin kansa ya rufta. Abin da zai rage shi ne ginshiƙi guda tsaye shi kaɗai a cikin ruwa. Shi ma ruwan ba zai ƙyale shi ba, zai yi ta cin gindinsa har ya faɗi, a bar kututture wanda ba a ganinsa sai teku ya janye.

Ko inda babu hanci, ruwa yakan rarake gindin tsauni, saman ya rasa abin dogara ya zube. Raƙuman ruwa su kwashe ɓaraguzan, su mai da su makamin ci gaba da aikin. Ta haka tsaunin yake ja da baya, yana barin shimfiɗaɗɗen fa a gabansa.

Wannan magana ba ta cikin littafi kaɗai ba ce, mutanen zamaninmu sun gani da idonsu. A kudancin Ostareliya, a jihar Biktoriya, akwai wasu ginshiƙan farar ƙasa a cikin teku waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan almajiran Annabi Isa su goma sha biyu, ko da yake waɗanda suke tsaye ba su kai wannan adadi ba. A watan Yuli na 2005 ɗaya daga cikinsu, mai tsawon kamar mita 50, ya zube cikin 'yan daƙiƙoƙi a gaban masu kallo. Kusa da nan akwai wani dutse mai ƙofa biyu da ake kira Gadar Landan. A watan Janairu na 1990 ƙofar da ta haɗa shi da tudu ta rufta, mutum biyu suka maƙale a can ɓangaren, sai da jirgin sama mai saukar ungulu ya ɗauko su.

A ƙasar Malta, cikin Bahar Rum, akwai wata shahararriyar ƙofa mai tsawon mita 28 a tsibirin Gozo. Hadari ya kayar da ita ranar 8 ga Maris, 2017. A nan Afirka ma, a bakin tekun Legzira na ƙasar Maroko, ɗaya daga cikin manyan ƙofofin jan dutsen wurin ta rufta a watan Satumba na 2016. Inda gaɓa ta laka ce kuwa abin ya fi muni. A yankin Holdanes na gabashin Ingila teku yana cin kamar mita 2 kowace shekara, kuma tun daga zamanin Rumawa ya haɗiye ƙauyuka fiye da 20.

Aikin iska

Iska ita kaɗai ba ta iya komai da dutse, sai ta sami yashi. Ƙura mai laushi takan tashi sama ƙwarai ta yi tafiya mai nisa. Hazon da yake rufe mu da hunturu, da yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, inda busasshen gindin wani tsohon tafki yake, wata ƙurar ma har takan tsallake Tekun Atlantika ta sauka a Amurka ta Kudu. Amma yashi yana da nauyi, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, mafi yawansa ba ya wuce ƙugun mutum. Saboda haka gindin dutse yake gurza, ya bar kansa. In an daɗe sai dutsen ya koma kamar rumbu, ciki babba, gindi ɗan siriri. Akwai irin waɗannan da yawa a Farar Hamada ta ƙasar Masar, kusa da Farafra.

A tsaunukan Enedi na arewa maso gabashin Cadi akwai ƙofar dutse da ake kira Aloba, wadda tsawonta ya kai kamar mita 120. Ruwa da iska ne suka yi tarayya wajen sassaƙa duwatsun wurin, domin Sahara ba kullum take busasshiya ba. Zanen shanu da mutanen da suka bari a jikin kogunan dutse na Enedi ya nuna an taɓa yin kiwo a wurin.

Mu ma mun san magagarin iska. Iskar da take gabatar hadari a farkon damina takan kwaso yashi ta yanke ɗanyen geron da bai daɗe da tsirowa ba, ko ta binne shi, har manomi ya sake shuka. Abin da ya yi wa gero haka cikin sa'a guda, shi ne yake yi wa dutse cikin dubban shekaru.

Tekun da ya rufe ƙasar Sakkwato

Masana ilmin duwatsu sun gano cewa kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya riƙa malalowa daga arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe wani sashe na ƙasar Sakkwato da na Nijar. Ya zo ya koma ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa yakan bar shimfiɗar laka, ko ta yashi, ko ta ɓawon ƙananan halittun ruwa, wata kan wata kamar an jera tabarmi.

Wannan ɓawo shi ne ya daskare ya zama farar ƙasar Kalambaina, wadda masana'antar siminti ta can take haƙa tun da ta fara aiki a 1967. A cikin dutsen ana samun ɓawon halittun teku da siffarsu. A wajen Dange da Wurno kuma an tono haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadoji da na kunkuru. A 1930 wani masani a Ingila ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka samo daga lardin Sakkwato. A 1972 wasu masana daga Italiya, bayan sun sami ƙarin ƙasusuwa, suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Duk inda ake karatun irin waɗannan dabbobi a duniya, da sunan maƙwabtanmu ake kiransa. Ashe duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da kayan teku ya yi gini.

Bayan teku ya janye, sai ruwan sama da gulabe suka karɓi aikin. Suka yi ta yanka shimfiɗun nan suna kwashewa. Inda marmara mai tauri ta rufe saman ƙasa kamar hula, sai ta kare abin da ke ƙarƙashinta, kewayen ya zaizaye ya bar shi tsaye. Wannan shi ne asalin tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai da matafiyi yake gani a wajen Wurno da Goronyo da Gada. Dutsen Dala da Goron Dutse na Kano ma saura ne da zaizaya ta bari. Su ne 'yan'uwan ginshiƙan nan na bakin teku. Dutsen Kwatarkwashi kuwa, kusa da Gusau, wani iri ne daban. Can cikin ƙasa ya daskare, zaizaya ta yaye abin da ya lulluɓe shi ya fito fili, yanzu kuma bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar albasa.

Gaɓar gulbi da gona

Yanzu mu dawo gida. Bunsuru da Gagare sukan haɗu su zama gulbin Rima. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya zaga ta Nijar, yakan dawo ya zuba a cikinsa a yankinmu na Gobir. Daga nan ruwan ya bi ta Goronyo da Sakkwato da ƙasar Kabi, ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku. Ƙasar da ta bar gonar mutumin Kurawa, hanyar teku ta kama.

Gulbi ba ya tafiya a miƙe. A duk inda ya yi kwana, ruwan da ke bayan kwanar ya fi gudu, shi ne yake rarake gindin gaɓa har samanta ya zube, daidai yadda teku yake yi wa tsauni. Ruwan da ke cikin kwanar kuwa a hankali yake tafiya, sai ya riƙa ajiye yashi da laka. Shi ya sa za ka ga gonar wani tana raguwa kowace damina, ta wanda ke tsallake tana ƙaruwa, har abin ya kai ga rigimar iyaka. Wani lokaci gulbin yakan yanke kwanar ya miƙe, ya bar tsohuwar hanyarsa ta zama tafki a fadama.

A kan tudu kuma kwazazzabo ne abin tsoro. Yakan fara daga ɗan abu, kamar turbar ƙafa, ko burtali, ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Ruwanmu na shekara cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba, sau da yawa da ƙarfi. In ya sami ƙasa tsirara sai ya bi wannan 'yar hanya, ya yi mata zurfi, ya riƙa cin kanta yana hawa tudu, har ya shiga gona ko ya raba unguwa biyu. Yashin da ya kwasa yakan cike cikin gulbi da na madatsar ruwa, irin ta Goronyo da aka gama a 1984. Gulbin da cikinsa ya cike kuwa ba ya iya riƙe ruwa mai yawa. Iyayenmu ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, ta kuma yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da aka ci a 1808, darasi ne. Ginin ƙasa in ya rasa mai yaɓe, ruwa da iska sukan mai da shi inda ya fito.

Hannun ɗan Adam yakan ƙara wa abin gudu. A Ikko, tsakanin 1908 da 1912, an gina dogayen katangun dutse cikin teku don kare mashigar jiragen ruwa. Katangun suka tare yashin da ruwa yake kawowa daga yamma, bakin tekun da ke gabas da su ya rasa mai ciyar da shi, teku ya yi ta cinsa shekara da shekaru, har ruwa ya riƙa hawa titi. A wurinmu sare itatuwa, da kwashe kara ƙaf daga gona, da haƙar yashi a gindin gaɓa, su ne suke buɗe wa zaizaya ƙofa.

Abin da za mu iya yi

Ba mai iya hana iska busawa ko ruwa gudu, amma ana iya rage musu ƙarfi, kuma maƙwabtanmu sun gwada an gani. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun daga 1975 aka fara dasa dogayen layukan dogonyaro don tare iska, aka kuwa auna aka ga amfanin gonakin da ke bayan layukan ya ƙaru. A ƙasar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a riƙa yi musu aski har su zama itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wannan dabara ba ta bukatar kuɗi, wuƙa da haƙuri kawai take so. Gawo ma ga shi da kirki, yakan zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki yana bayarwa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in an zo sharar gona a bar gawo da kalgo da sabara su tashi. A rage wani abu na kara a kwance don ya riƙe ƙasa. A dasa gamba a kan iyaka da bakin gaɓa, domin saiwarta tana ɗaure ƙasa. Ƙaramin kwazazzabo a tare shi da jerin duwatsu da ƙaya tun bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Mai niyyar gini ya dubi kwanar gulbi tukuna, kada ya kafa gida a gefen da ruwa yake ci. A kuma ja wa yara kunne, kada su shiga ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake don ɗibar yumɓu ko shan inuwa, domin irin wannan gaɓa ba ta sallama kafin ta rufto.

Mu ɗalibai kuma ga ɗan aikin da za mu iya yi da hutu. Kafin ruwa ya sauka, mu kafa turke a nesa kaɗan da bakin gaɓa ko kan kwazazzabo, mu auna tsakaninsu da igiya, mu rubuta. Bayan kaka mu sake aunawa. In muka yi haka shekara uku ko huɗu, za mu san ko taku nawa garinmu yake asara kowace damina, mu kai wa mai gari da malaman gona lissafi a rubuce. Magana mai lissafi ta fi saurin shiga kunne. Dutsen bakin teku in ya faɗi, masu yawon buɗe ido ne suke rasa abin kallo. Gona in ta tafi, abincin gida ne ya tafi, kuma ƙasar noma kaurin ɗan yatsa takan ɗauki shekaru ɗaruruwa kafin ta sake haɗuwa. Rigakafi dai ya fi magani.